Ƙaramar Bindiga Saboda Simi

Moss Side, Manchester
3 ga Maris, 2014

Ɗana Bartholomew,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Justina da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Birmingham? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ba ta shiri da wannan wata.

Ka nemi kujera ka zauna. Celestina ta sauka! Ranar Talata da hantsi, mace, lafiyayya, gashi cike da kai. Na san mijinta Dung ya riga ya tura maka hoto ta waya, amma ni ne kakan, ni ya kamata in faɗa. Sunanta Simi. Shekara tara 'yata tana jira, shekara tara ina durƙusawa da wannan gwiwa. Da nurse ta miƙo mini ita sai na rasa yadda zan yi da hannuwana, ni da nake saɓa barewa daga bayan dutse har gida. Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Na ce to, amarya ta ga angonta, ba ta yi murna ba. Na yi rawa a corridor na asibiti har wata Baturiya mai goge ƙasa ta ajiye sandarta ta tafa mini.

Kada ka ce me ya hana Baba ɗaukar waya. Kunnena ba ya kama magana ta waya sai na yi ihu, bangon gidan nan kuwa ba ya ɓoye ko tari. Kuma sai da na kai shekara arba'in da takwas na fara zama a ajin yamma na cocinmu a Bukuru, ina koyon a da ba, tsofaffin mata suna yi mini dariya. Ban sha wannan wahala don biro ya bushe a aljihuna ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A watan Janairu, Celestina na da ciki wata takwas, tana tsaye a bus stop da rana tsaka, wasu mutum biyu a kan babur suka fizge jakarta. Ta riƙe, na bayan ya nuna mata wuƙa, ta saki ta faɗi a kan gefenta. Allah ya kiyaye cikin. 'Yan sanda sun ba ta wata lamba a takarda, shi ke nan, an ce ba su da mutane kamar da. A watan Yuni za ta koma aikinta na care home, gidan kula da tsofaffi, Dung kuma tuƙin bas, shift ɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ni zan riƙe Simi. Ni zan tura pram, keken jarirai, zuwa wurin GP, likitan unguwa, zuwa park, in bi ta wannan bus stop ɗin. In suka dawo, da me zan tare su? Da sandar gwiwa?

Ina son ƙaramar bindiga, wadda za ta kwanta a cikin kwat ba mai gani. Ba don in kashe ɗan kowa ba, don dai in nuna su gudu. A shagon aski na haɗu da wani mai sayar da tsofaffin tayoyi, mutum mai fara'a, Uncle yake ce mini. Ya ce iri uku ne ƙananan: mai lamba 22, da 380, da 9mm. Ni mai baki ɗaya ta farauta na sani, waɗannan lambobi ba su gaya mini komai. Kai ka yi shekara goma sha huɗu a aikin ɗan sanda kafin ka zo nan. Kakanka da mahaifina ciki ɗaya suka fito, ba ni da wanda zan tambaya a ƙasar nan sai kai. Wacce ta dace da tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, wanda yatsunsa ke ɗan ƙagewa da safe?

Kada Celestina ta ji. Jego take yi, hankalinta bai gama kwanciya ba.

Babanka,
Dalyop

*

Aston, Birmingham
11 ga Maris, 2014

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana,

Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Justina rabin farko, ta yi guɗa har maƙwabcinmu na flat ɗin ƙasa ya buga silin da tsintsiya. Barka, barka, barka. Allah ya raya Simi, ya ba Celestina lafiyar shayarwa. Mu duka lafiya. Aikin security dai yana nan, an rage mu daga shida zuwa huɗu, tsayuwar ta ƙaru. Rubutunka, Baba, ya fi na wasu masu degree da nake gani.

Abin da ya sami Celestina ya ɓata mini rai ƙwarai. Ban san ta faɗi ba, Dung ya ce mini jaka kawai aka ɗauke.

Tun da ka tambaye ni, ba zan ƙi amsa ba. Mai lamba 22 ba ta da nauyi, ba ta dukan hannu, amma harsashinta ƙarami ne, ƙato mai kaurin jaket zai iya ci gaba da tahowa. 9mm ita muka riƙe a bakin aiki. Tana da ƙarfi, sai dai in an sa ta a ƙaramin jiki tsalle take yi a hannu, mai ciwon yatsu ba zai saita ta biyu ba. 380 tana tsakaninsu. A gida, in wani babba ya tambaye mu ta ajiyewa a jiki, ita muke nuna masa. Wani oganmu ma a cikin safa yake sa tasa, har ranar da ya zauna cin tuwo ta faɗo cikin kwanon wanke hannu. Ka tuna mini da kwanakin da na manta.

Sai dai, Baba, ba wai zan koya maka ba ne, ka riga ni ganin duniya. Tsarin ƙasar nan ya ɗan bambanta da na gida a kan irin waɗannan kaya, akwai 'yan ƙa'idoji. Da so samu ne, a ɗan jinkirta har in samu off in zo mu zauna. Amma kai ne babba.

Justina tana ɗinka wa jaririya 'yar riga. A gaishe da mai jego da Dung.

Ɗanka,
Bartholomew

*

Moss Side
17 ga Maris, 2014

Ɗana Bartholomew,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode, na gode. Na san ban yi kuskuren mutum ba. Sau uku na karanta bayaninka, na ja layi a ƙarƙashin 380. Ita zan ɗauka.

Amaryata tana nan, ta fara gane muryata. In ta soma kuka uwarta ta rasa yadda za ta yi, sai in ɗora ta a kafaɗa in yi mata waƙar da muke yi in mun dawo daga farauta, tsit take yi. Dung ya ce in koya masa, na ce ya je ya nemo tasa matar. Jiya ta yi mini fitsari a wandon coci, ban canja ba sai da na nuna wa kowa.

Ka ce akwai ƙa'idoji. Wace ƙasa ce ba ta da su? Ni ba mutumin banza ba ne. Shekara ashirin da biyu ina sabunta lasisin bindigata a gida, ban taɓa makara ba, littafin yana nan na zo da shi cikin Littafi Mai Tsarki. Ranar Alhamis na sa kwat da hula, na ɗauki littafin da fasfo, na tafi ofishin 'yan sanda in ga babbansu mu gaisa, ya ga irin mutumin da nake. Na tarar sun rufe wurin karɓar jama'a. Takarda ce manne a ƙofa, wai a buga waya ko a shiga intanet. Na ƙwanƙwasa har hannuna ya yi zafi. Da ajinmu na Turanci yana nan da na kai wa malamarmu ta duba mini, amma council, hukumar gari, ta rufe shi tun bara, wai ba kuɗi.

Sai na koma wurin mai tayoyi na nuna masa littafin. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce, “Uncle, you're a proper man.” Ya ce kaya tukuna, takarda daga baya. Na ga gaskiyarsa. A gida ma ai ba a rubuta maka lasisi sai ka kai bindigar an karanta lambar jikinta an sa a littafi. Me za su rubuta in ban da ita a hannu? In na karɓa, sai in sa Fada na cocinmu ya rubuta mini takardar shaida, in haɗa in kai musu.

Mun tsayar da ranar Asabar, 29 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana, a bayan shagonsa.

Na riga na ɗinka aljihu a cikin kwat ɗina, ta hagu, da zare baƙi. Na sa gwangwanin sardin a ciki don in saba da nauyin. Kwana uku ina yawo da shi a gida, ba wanda ya lura. Ina gwada zarowa a banɗaki. Da farko yana maƙalewa, na faɗaɗa bakin aljihun.

Ka ce in jira ka samu off. Na san irin aikinku, off ɗin nan zai iya kai Kirsimeti. Ka dai rubuto ka gaya mini abin da zan duba a jikinta, kada a sayar mini da mai tsatsa.

Babanka,
Dalyop

*

Moss Side
24 ga Maris, 2014

Bartholomew,

Lafiya dai? Mako guda ke nan ba amsa. Kullum ina tsaye a bayan ƙofa lokacin da mai kawo wasiƙu ke zuwa, ba abin da ke faɗowa sai takardun pizza. Celestina ta tambaye ni ko budurwa na yi. Ko Justina ce ba lafiya? Ko an sallame ka daga aiki kana jin kunyar faɗa?

Ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi in leƙa taga. Shekaranjiya na raka Celestina awo, babur ya wuce mu a guje, na ga yadda ta ƙanƙame pram har jijiyoyin hannunta suka fito. 

Wani abu ɗaya ya ɗan tsaya mini. Mai tayoyi ya ce kada in zo da kowa, kuma in bar wayata a gida. Na ce ko don kada a dame mu ne. Na jefa ta a durowa tun yanzu, dama ba ta da amfani a wurina.

In da akwai matsala na san da ka faɗa, kai ba yaro ba ne. In ban ji daga gare ka ba kafin Asabar, zan ɗauka ka yarda.

Dalyop

*

Aston
28 ga Maris, 2014

Baba,

Ka gafarce ni, yau ba doguwar gaisuwa. Kwana goma sha biyu ina Coventry, an tura ni gadin wani gini, a can nake kwana. Yau da safe na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a kan firiji. Justina ba ta buɗe ba, ta ce wasiƙar Baba ce zuwa gare ni, ba huruminta ba ne. Na karanta a tsaye, ko takalmi ban cire ba.

Kada ka je. A'a nake ce maka, Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa babba a gidanmu a'a ba, shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye a wasiƙar farko, ina cewa 'yan ƙa'idoji, ina cewa a ɗan jinkirta. Na zaci za ka ji abin da ke ƙarƙashi, yadda ake ji a gida. Kuma na ji daɗin an tambaye ni abin da na sani, bayan shekara shida ina buɗe wa mutane ƙofa, sai na saki baki. Laifina ne.

Ga maganar a fili. Babu lasisin da ake ba mutum irina ko irinka a ƙasar nan don ya sa fistol a aljihu ya kare kansa. Babu shi sam. Ba 22, ba 380, ba kowace. Littafinka na gida ba ya aiki a nan, takardar Fada ma haka. Ranar da ka kai ta ofishin 'yan sanda don a karanta lamba, a ranar za su rufe ka. Mafi ƙarancin hukunci shekara biyar ne, in ka fito kuma suna iya sa ka a jirgi. Mutumin nan ya san haka, shi ya sa ya yi dariya. Kuma ba ka san abin da aka riga aka yi da wadda zai miƙa maka ba. Simi za ta shiga primary ba ta san fuskarka ba.

Na buga wayarka sau bakwai tana kashe. Wannan takarda zan biya a kawo ta gobe da safe, amma ban yarda da sa'a ba. Don haka na kira Celestina na gaya mata duka. Ka ce kada ta ji, na karya maganarka ina sane. In za ka daina yi mini magana, ka daina kana gida.

Ɗanka,
Bartholomew

*

Moss Side
13 ga Afrilu, 2014

Bartholomew,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. A gaishe da Justina, ita ba ta yi mini komai ba. Rigar da ta ɗinka ta iso, ta yi wa Simi yawa, za ta girma ta same ta.

Mako biyu na ɗauka kafin hannuna ya yarda ya rubuta sunanka. Bari ka ji abin da ka jawo.

Ranar Juma'ar nan da la'asar ina falo ina jijjiga Simi, sai na ji Celestina a kicin tana cewa “Me? Me ka ce?” Ta fito, ta karɓe yarinyar daga hannuna ba ko sannu, ta miƙa wa Dung. Ta ce, “Baba, ina kwat ɗinka?”

Na ce, “Sanyi kike ji?”

Ta je ta ciro shi daga bayan ƙofa, ta laluba, ta zaro gwangwanin. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, “Sardin ɗina ne wannan. Kwana goma ina nemansa.” Dung ya juya fuska bango yana ƙunshe dariya. Ita ma dariyar ta kama ta, daga nan ta zama kuka, ta zauna a ƙasa da jegonta.

Na ce, “Saboda ke na yi. Saboda ita.”

Ta ce, “Ni na faɗi a bus stop, Baba, ba kai ba. Ni aka nuna wa wuƙa. Ka ji na ce a nemo mini bindiga?”

Na ce, “Na ga hannunki a kan pram.”

Ta ce, “To ina jin tsoro, sai me? Kai ka san abin da za a yi in an same ka da wannan abu kana tura 'yata? Ba kai kaɗai za a ɗauka ba. Social services, masu kula da yara na gwamnati, za su shigo gidan nan su tambaye ni wace irin uwa ce ni. Shekara tara, Baba.”

 Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, ko sau ɗaya. Ina ta lissafin abin da ɓarayi za su yi mata, ban lissafa kaina ba.

Ban je ba. Takardarka ta iso da safe, na karanta ta a banɗaki. Dung ya ciro wayata ya canja mini layi, ya kuma ce daga yau shi zai riƙa yi mini aski a gida. Ka ga kaina yanzu, kamar gonar da awaki suka shiga.

Kwana goma Celestina ba ta bar ni na ɗauki Simi ba sai tana wurin. Na ji ta tana waya da wata mai renon yara, tana tambayar ko akwai wuri a watan Yuni. Ɗana, an taɓa ɗaure ni da igiya a rikicin Bukuru, bai yi mini ciwo kamar wannan waya ba. Na shiga ɗaki na kwance aljihun da reza, zare ɗaya-ɗaya, na kawo mata ƙyallen na ajiye a gabanta. Ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, ranar na yi.

Ga hukuncin da ta yanke. Zan riƙe Simi, amma ba zan fita da ita ni kaɗai ba. Akwai Mama Scholastica ta cocinmu, 'yar Kagoro, tana renon jikanta a Whalley Range. Ita za ta riƙa biyowa ta ɗauke ni, mu tura pram biyu tare. Mun gwada ranar Laraba. Matar nan ba ta rufe baki tun daga ƙofa har park, ta san kowane mai shago da sunan matarsa, ga wata ƙatuwar lema da take nuna wa motoci su tsaya. Ni Dalyop, mafarauci, yau tsohuwa ce ke gadina. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu idona yana kan titi, kuma hankalina bai kwanta ba. Ban san ranar da zai kwanta ba.

Saura magana ɗaya. Za a yi wa Simi baftisma, Fada ya ce a ba shi sunan uban baftisma. Dung ya kawo abokinsa na wurin aiki, Celestina ta kawo wani likita. Suka tambaye ni don ladabi kawai, ba su zaci zan yi magana ba. Na ce Bartholomew. Celestina ta ce, “Wanda ka ce kada a ƙara ambatar sunansa a gidan nan?” Na ce shi. Yarinyar nan jinina ce, taurin kai zai zo mata, ina so a samu wanda zai iya ce mata a'a.

Ban huce ba, kada ka shigo mini kana washe baki. Ranar Lahadi ce, 4 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya. Ka gaya wa masu aikinku tun yanzu, kuma ka zo da wuri, Fada ba ya jiran kowa.

Babanka,
Dalyop